Garin da ya noma abin da ba ya sha: nazarin rushewar gonakin giyar inabi a yammacin Aljeriya

Garin da matsalarsa

Akwai wani gari a yammacin Aljeriya, cikin tuddan da ke tsakanin birnin Oran da Tilimsan, mahaifar Shehu Maghili wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ba zan kama sunan garin ba. Irinsa suna da yawa a wannan shiyya, daga Ain Tamushant zuwa Sidi Bel Abbas da Maskara da Mustaganim, kuma wanda ya ga ɗaya kamar ya ga sauran ne: tituna miƙaƙƙu da injiniyoyin Faransa suka zana, dandali a tsakiya, tsohuwar coci da aka canza wa aiki, sai kuma wani ƙaton gini a bakin gari mai manyan tankunan siminti a ciki. Wannan gini shi ne matsar inabi. Can ake kai inabin da aka tsinko, a matse, a bar ruwan ya tsimu ya zama giya, sannan a ɗura a tankoki a nufi tashar jiragen ruwa.

Kusan shekara tamanin garin yana ci daga wannan gini. A shekarar 1960 babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi a duk duniya. Abin da take fitarwa ya ninka abin da Faransa da Italiya da Sifaniya suke fitarwa idan an haɗa su, kuma giyar ce ke kawo kusan rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take sayarwa waje. Wannan fa ƙasa ce da mutum tara cikin goma Musulmi ne. Masu shuka inabin da masu yi masa aski da masu tsinkarsa yawancinsu ba su taɓa kai giyar bakinsu ba. Mai saye ɗaya ne tak, wato Faransa, kuma da aka samu 'yancin kai a 1962 sai mai sayen ya fara ja da baya.

Alƙaluman da zan kawo na ƙasar ne baki ɗaya, domin farashi da doka ba a garin ake yanke su ba. A Paris da Aljiyas, babban birnin Aljeriya, ake yankewa, mutanen gari su wayi gari da su.

1880 zuwa 1935: yadda inabi ya cinye gonakin

Faransa ta shiga Aljeriya a 1830, amma a shekaru hamsin na farko inabin giya bai zama wani abin a zo a gani ba. Abin da ya canza lamarin wani ƙaramin ƙwaro ne da ake kira filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860. Saiwar inabi yake ci, itacen ya bushe a tsaye. A 1875 Faransa ta samar da giya fiye da lita biliyan 8, amma zuwa 1889 abin ya faɗo ƙasa da lita biliyan 2 da rabi, alhali mashaya ba su ragu ba. Dole a nemo giya daga wani wuri, ga kuma Aljeriya a tsallaken teku, ƙarƙashin tutar Faransa, kayanta na shiga ba haraji.

Bankuna suka buɗe bakin jaka ga duk Baturen da zai shuka inabi. Manoman kudancin Faransa da ƙwaron ya talauta suka haye, tare da Sifaniyawa masu yawa da suka zauna a yankin Oran. Ƙasar nomar kuwa an riga an share musu hanyar samunta: bayan boren da 'yan Aljeriya suka yi wa Faransa a 1871 an ƙwace filaye masu yawa a matsayin horo, dokar filaye ta 1873 kuma ta raba gonakin gandu na dangi zuwa kason mutum ɗai-ɗai, wanda ya sa sayen su da arha ya yi sauƙi. Jikokin masu gonar suka koma 'yan ƙodago a cikinta. Lokacin tsinka har daga tsaunukan Rif na Maroko leburori ke zuwa.

Daga wajen hekta 20,000 a 1880, gonakin inabin Aljeriya suka kai kusan hekta 400,000 a tsakiyar shekarun 1930, kuma fiye da rabinsu a yankin Oran suke. A 1934 an matsi giya wajen lita biliyan 2.2. Ƙwaron ya iso Aljeriya shi ma, amma lokacin an riga an gano maganinsa: a aurar da inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro aure.

Wajibi ne a fahimci irin giyar da garin ke yi, domin nan ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ba giya ce da ake zubawa a kwalba a rubuta sunan gari a jikinta ba. Bayan Faransa ta farfaɗo, manoman yankin Langadok da ke kudancin ƙasar sun koma shuka irin inabi mai yawan 'ya'ya amma ruwansa tsararo, ba launi ba ƙarfi. Inabin tuddan Aljeriya kuwa, irin su Karinyan da Sanso da Alikant, rana ta gasa shi, giyarsa baƙa ƙirin ce mai ƙarfi. Sai 'yan kasuwar tashoshin jiragen ruwa na Set da Marsel da ke kudancin Faransa su sirka biyun su sayar a matsayin giyar Faransa ta yau da kullum. Har suna suke yi wa ta Aljeriyar, wai giya likita, don ita ke warkar da raunin tasu. Ke nan garin ba shi da suna a kasuwa, ba shi da mashayin da ya san shi. Kayan haɗi kawai yake samarwa.

Tun a lokacin manoman Langadok suna ƙorafi cewa giyar Aljeriya na karya musu farashi. Dokokin da Faransa ta kafa daga 1931 na taƙaita sabuwar shuka, da Aljeriya a zuci aka yi su. Sai dai muddin Aljeriya na cikin Faransa, ba yadda za a yi a rufe mata ƙofa.

1954 zuwa 1963: masu gona sun tafi, gona ta zauna

Yaƙin neman 'yanci ya fara a Nuwamban 1954. Cikin shekaru bakwai da aka yi ana gwabzawa, masu gonaki da yawa sun daina sabunta shuka, don ba wanda zai zuba jari a itacen da sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da amfani alhali bai san ko zai ga girbin ba. Da aka sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta ta Ebiyan a Maris 1962, aka kuma samu 'yanci a Yuli, Turawa kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar, mafi yawansu cikin 'yan watanni. Sun bar wajen hekta 350,000 na inabi, da yawansa ya tsufa.

Tafiyar ta zo ana gab da tsinkar inabi, wadda ake yi a Agusta da Satumba. Ma'aikata ba su jira umarni ba. A gonakin da masu su suka gudu, suka kafa kwamiti, suka tsinke, suka kai matsa. Dokokin Maris 1963 na gwamnatin Ahmad Ben Bella sun amince da wannan tsari na ma'aikata su gudanar da gona da kansu, a Oktoban shekarar kuma aka mayar da sauran gonakin Turawa mallakar ƙasa.

Nan gibin farko ya bayyana. Mutanen garin sun ƙware a aikin gona: sun san yadda ake datse rassa a lokacin sanyi, da lokacin fesa farar wuta, da yadda ake gane inabi ya nuna. Amma abin da ke faruwa a cikin matsa, wato auna zafin tanki, da kula kada giya ta koma tsami, da lissafin kuɗi, da sanin dillalan Marsel, duk Turawa ne suka riƙe wa kansu, kuma da su suka tafi. Mafi yawan ma'aikatan ba a ba su damar shiga makaranta ba. Inganci ya ragu, amfanin gona ya ragu.

Akwai kuma abin da ke damun zuciya. Kowane ɗalibin ilimi ya san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta. A da ma'aikaci na iya cewa gonar Nasara ce, shi ƙodago yake yi don ciyar da iyali. Yanzu gonar tasa ce, ko ta gwamnatinsa. Duk da haka ba a tumɓuke inabin nan take ba, saboda shi ne ke biyan albashi, man fetur kuwa har lokacin kamfanonin Faransa ke riƙe da mafi yawansa.

1964 zuwa 1968: yunƙurin riƙe tsohon mai saye

Abin da aka fara gwadawa shi ne a ɗaure Faransa da takarda. A 1964 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar shekara biyar, Faransa za ta sayi giya kimanin lita biliyan 3.9 daga 1964 zuwa 1968, adadin yana raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Manufar ita ce a samu lokacin sauya amfanin gona a hankali.

Takardar ba ta riƙe ba. Manoman Langadok, waɗanda yanzu ba abin da zai hana su kiran giyar Aljeriya baƙuwa, suka fito zanga-zanga, suna tare hanyoyi suna farfasa tankoki. Su masu ƙuri'a ne a Faransa, ma'aikatan Ain Tamushant kuwa ba su da ita. Gwamnatin Faransa ta riƙa jinkirta shigo da giyar, wani lokaci ta dakatar gaba ɗaya, a 1967 kuma ta hana sirka giyar Faransa da ta waje. Ga giyar da ba ta da wani aiki sai sirki, wannan hani daidai yake da rufe kasuwa. Da Kasuwar Tarayyar Turai ta kafa dokokinta na giya a 1970, ƙofar ta ƙara rufuwa, Italiya ta maye gurbin Aljeriya wajen kai wa Faransa giya mai ƙarfi. Manoman Langadok ma ba su huta ba, suka koma faɗa da giyar Italiya, har a Maris 1976 aka yi musayar wuta a ƙauyen Montredon da ke yankin nasu, manomi ɗaya da kwamandan 'yan sanda ɗaya suka mutu.

A garin da muke magana, ga yadda abin ya kasance: Agusta ta zo, inabi ya nuna, tankunan siminti kuma cike suke da giyar bara da ba a saya ba. Inabi ba ya jira. Kwana kaɗan ya wuce lokaci ya lalace. Albashi ya riƙa makara.

Dattawan Maraɗi da Damagaram za su gane wannan yanayi. Ita ma gyaɗar Nijar da Senegal Faransa ce ke sayenta a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, sai a ƙarshen shekarun 1960 tsarin kasuwar Turai ya sa ta janye wannan gata. Bambancin shi ne gyaɗa idan ba a saya ba, mata za su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, yara su ci. Giya lita miliyan ɗari-ɗari a ƙasar Musulmi, wa zai sha?

1969 zuwa 1975: sabon mai saye

Yunƙuri na biyu shi ne neman wani mai sayen. A 1968 gwamnatin Huwari Bumadiyan, wanda ya karɓi mulki a 1965, ta kafa hukumar ƙasa mai suna ONCV don ta riƙe matsa da sayar da giyar duka a hannu ɗaya. Ta kuma ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyat: lita miliyan 500 kowace shekara, tsawon shekara bakwai, daga 1969 zuwa 1975.

Wannan ya zubar da tankuna, kuma a wannan fuska ya yi aiki. Jiragen da a da ke nufar Set suka koma nufar tashoshin Bahar Aswad. Amma farashin ya yi ƙasa ƙwarai da wanda Faransa ke biya, kuma cinikin na tafiya ne cikin tsarin musayar kaya tsakanin gwamnatoci, ba kuɗin da za su sauko hannun gona kai tsaye ba. Gonakin gwamnati suka ci gaba da noma abin da kuɗin sayar da shi bai rufe kuɗin aikinsa ba. Mai saye kuma har yanzu ɗaya ne, sunansa kawai aka canza.

A gefe guda an gwada wata dabara mai hangen nesa. A 1970 aka ware yankuna bakwai da giyarsu za ta fita da sunan wurinta, cikin kwalba: tuddan Tilimsan, tuddan Maskara, tsaunukan Tasala, Dahara, Zakkar, Madiya, da Ain Bassam. Nufin shi ne a bar sayar da kayan haɗi a koma sayar da abu mai suna da tsada. Yarjejeniyar da aka yi da Kasuwar Turai a 1976 ta ba irin wannan giya ɗan sassauci. Sai dai kason ƙarami ne, kuma gina suna a kasuwar da Faransa da Italiya suka shekara ɗaruruwa a ciki yana buƙatar talla da alfahari da kayan. Gwamnatin da ke jin kunyar abin da take sayarwa ba za ta iya tallarsa ba.

1971 zuwa 1987: tumɓukewa

A ranar 24 ga Fabrairun 1971 Bumadiyan ya karɓe kashi 51 cikin ɗari na kamfanonin man Faransa da ke aiki a ƙasar. Faransa ta mayar da martani da ƙaurace wa man Aljeriya, giya kuma ta zama sandar duka a rikicin. Daga nan gwamnati ta yanke shawarar tumɓuke inabi da gaske. Hujjojin suna da ƙarfi: inabin giya gadon mulkin mallaka ne, ƙasa na sayen alkama daga waje alhali mafi kyawun gonakinta na noma abin da ba a ci, ga kuma kuɗin mai da za su toshe gibin. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin da aka kira juyin juya halin noma.

A wasu wurare shawarar ta yi daidai. A fadamar Mitija da ke bayan Aljiyas, inda ƙasa ke da zurfi ga ruwa, an maye gurbin inabi da lemo da kayan lambu da ciyawar shanu, kuma ƙasar ta karɓa.

Garinmu ba haka yake ba. Yammacin Aljeriya ya fi gabas bushewa, don tsaunukan Maroko da na Sifaniya suna tare hadari kafin ya iso. Ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, bazara kuwa wata huɗu ko biyar ba ɗigo. Ƙasar tudu ce mai duwatsu da farar ƙasa. Itacen inabi na jure wannan domin saiwarsa na nutsawa mita da yawa, kuma ana shuka shi a gajeren kututture ba tare da ban ruwa ba. Alkama da sha'ir da aka zuba a madadinsa saiwarsu a sama take. A waɗannan shekaru matsakaicin amfanin hatsi a ƙasar bai kai tan ɗaya a hekta ba, ga kuma fari da ya addabi yammacin ƙasar daga ƙarshen shekarun 1970. Tarakta ta bi gangare tana huɗa, bayan girbi ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farko ya wanke ta zuwa kwari.

Babbar asarar kuwa ta aikin yi ce. Inabi aikin hannu ne shekara zagaye: aski a Janairu, noma, feshi, rage ganye, tsinka. Hekta ɗaya ta inabi na cin kwanakin aiki ninkin-ba-ninkin na hekta ɗaya ta alkama, wadda tarakta ke shukawa cikin yini guda, injin girbi ya kwashe cikin wani yinin. Kowace gona da aka tumɓuke, magidanta ne suka rasa abin yi. Wasu suka nufi Oran da masana'antun gas na Arziu. Wasu suka tsallaka teku, domin yarjejeniyar Disambar 1968 ta ba ma'aikatan Aljeriya 35,000 damar shiga Faransa kowace shekara. Giya ta daina hawa jirgin Marsel, masu nomanta suka hau. Ita ma wannan ƙofa an rufe ta a 1973 da 1974.

1987 zuwa 1999: ƙasan rijiya

Farashin mai ya faɗi a 1986, gwamnatin Shazali Bin Jadid ta kasa ci gaba da ɗaukar asarar gonakinta. Dokar Disambar 1987 ta rarraba manyan gonakin gwamnati ga ƙananan rukunonin ma'aikata da ɗaiɗaikun mutane, su noma su ci amfani, amma ƙasar ta gwamnati ce. Mutumin da aka ba tsohon inabi ɗan shekara arba'in ko hamsin, ba jari, ba takardar mallakar da banki zai karɓa, mai saye kuma hukuma ɗaya ce da ke biya a makare, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya tumɓuke ya zuba sha'ir ya sayi tumaki.

Daga 1992 ƙasar ta faɗa yaƙin basasa bayan soke zaɓe. A ƙauyuka da dama noman inabin giya ya zama haɗari ga rai, saboda barazanar ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, wasu gonakin kuma an bar su ne kawai don mutane sun gudu birni. A shekarun 1990 giyar da ƙasar ke samarwa ba ta kai lita miliyan 100 a shekara ba, wato ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na abin da aka matsa a 1934. Matsa da yawa aka rufe. Wasu suka zama rumbun hatsi ko garejin gyaran mota, wasu suka zama kango.

2000 zuwa yau: abin da ya tsiro

A shekarar 2000, ƙarƙashin Abdul'aziz Butaflika, aka fito da shirin ƙasa na raya noma, wanda ya ba da tallafin dashen itatuwa da haƙa rijiyoyi da ban ruwa na ɗigo. Masana aikin gona sun dawo kan abin da tsofaffin ma'aikata suka daɗe suna faɗa, cewa tuddan yamma ƙasar itace ce ba ta hatsi ba. Aka sake dasa inabi, har da na giya, kamfanoni masu zaman kansu kuma suka shigo suka karya kakagidan hukumar gwamnati.

Ɓangaren giyar ya ɗan motsa, sannan ya tsaya. Manoma da yawa sun dasa tsofaffin iri da suka sani, masu matsa kuma suna neman irin da kasuwar kwalba ke so, kamar Kabarne da Sira. Da sabuwar shukar ta fara ba da amfani sai farashi ya faɗi, wasu suka sake tumɓukewa. Kasuwar cikin gida ƙarama ce kuma a takure: a 2004 doka ta hana shigo da giya kafin a janye hanin daga baya, a jihohi da yawa kuma an rufe mashaya da shagunan sayar da ita. A waje kuwa Sifaniya da Chile da Afirka ta Kudu da Ostireliya sun riga sun cika wurin giya mai arha. Abin da ya rage sana'a ce ƙarama, ga 'yan mashayan cikin gida da gidajen abincin 'yan Magrib a Faransa.

Abin da ya kama ƙasa shi ne inabin ci. Jihar Bumardas da ke gabas da Aljiyas ce ta yi fice, inda ake ɗora inabi a kan rumfar ƙarfe da waya ana ba shi ruwa ta bututun ɗigo, kuma dabarar ta bazu zuwa yamma. Iri irin su Kardinal da Maskat da Red Globe suna fita daga Yuli har kaka. Hannun da ya iya askin inabin giya ya iya na inabin ci, don haka ilimin da aka gada bai tafi a banza ba. Shi kansa Sanso, wanda aka shuka don matsa, ana iya kai shi kasuwa a ci. Masu saye kuma ba su ƙirguwa: ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 45, kowane gida na sayen inabi idan lokacinsa ya yi. A gangaren da ruwa bai isa ba, zaitun ya karɓi wuri, wanda dama garin Sig da ke kusa ya yi suna a kansa. Dokar 2010 da ta mayar da riƙon gonakin gwamnati haya ta shekara 40 da ake iya sabuntawa ta ba wasu ƙarfin gwiwar dasa itace.

Abin da nake gani

Sau da yawa idan aka ba da wannan labari, ana taƙaita shi da cewa Musulunci ne ya kashe giyar Aljeriya, masu murna da masu baƙin ciki duka haka suke faɗa. Jerin shekarun bai goyi bayan haka ba. Gwamnatin ƙasar Musulmi ta shekara tara bayan 'yanci tana fafutukar sayar da giyar, har ta kai ta Rasha. Addini ya hana samun kasuwar cikin gida da za ta ceci sana'ar, ya kuma sa ba wanda ya tsaya kare ta a fili, amma wuƙar da ta yanka ta dokar hana sirki ce ta 1967 da dokokin Turai na 1970.

Yarjejeniyar 1964 ta gaza don ɓangare ɗaya ne kawai ke da abin asara idan ta karye. Ta Sobiyat ta sayi lokaci, kuma ba a yi amfani da lokacin ba: shekara bakwai sun isa a dasa zaitun da inabin ci su fara ba da amfani, amma aka bar tsofaffin gonaki suna tafiya a kan asara.

Ban ga laifin shawarar barin giya ba. Al'ummar da ba ta sha, kuma take ganin abin haramun ne, tana da cikakken haƙƙin ta ce ba za ta rayu a kansa ba, kuma ko ba a yanke shawarar ba kasuwa ta riga ta yanke. Kuskuren shi ne an haɗa giya da itacen inabi aka yi musu hukunci ɗaya, aka kuma ɗauki maganin da ya dace da fadamar Mitija aka shafa wa tuddan Oran. Inda aka cire itace aka sa itace, gari ya rayu. Inda aka cire itace aka zuba alkama a busasshen gangare, an rasa ƙasa an rasa ma'aikata, kuma sai da aka yi kusan shekara talatin kafin gwamnati ta biya kuɗi a sake dasa abin da ta biya kuɗi aka tumɓuke.

Nasarar inabin ci ma tana da iyaka. Tsohon inabin giya da ruwan sama kaɗai yake rayuwa, na ci kuwa mai manyan 'ya'ya sai da ban ruwa, a yankin da birnin Oran kansa ya dogara da tace ruwan teku don sha. Mai rijiyar burtsatse ya samu, wanda gonarsa ke can saman tudu yana nan da sha'ir da tumakinsa. Idan Agusta ta yi, motocin da ke fita daga garin da akwatunan inabi kasuwannin Oran da Aljiyas suke nufa, suna wuce tsohuwar matsa a bakin hanya ba sa tsayawa.